Shehu Umar na Borno: sarkin da aka kawo wa hotunan gidan sarautar Furusiya a Kukawa

A Maiduguri ta yau da wuya a shiga ofis ko babban kanti ba a ga hoton Shehun Borno a bango ba. Haka kuma da wuya baƙo ya tashi daga wurin biki hannu Rabbana, ba tare da kalanda ko kofi ko jaka mai ɗauke da fuskar ango da amarya ba. Abin ya zama jiki, har ba kowa ke tsayawa tambayar hukuncinsa ba. A watan Yulin 1870 kuwa, lokacin da aka shigar da hotunan wasu mutum uku na gidan sarautar Furusiya cikin fadar Kukawa, maganar tana da nauyi ƙwarai, domin wanda aka kawo wa su malami ne ɗan malami, kuma labarin hotunan ya riga su isowa ya sa shi cikin damuwa. Wannan mutum shi ne Shehu Umar ɗan Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wanda ya riƙe Borno daga 1837 zuwa 1881, in aka ɗebe watanni kamar goma da ɗan'uwansa ya ƙwace mulki. Dukkan Shehunan da suka zauna a Yerwa daga tsatsonsa suka fito.

Gadon da ya tarar

Umar ya tashi ne a gidan da ilimi ya kai ga mulki. A 1808 mayaƙan jihadi suka ci Birnin Gazargamu, babban birnin sarakunan Saifawa, waɗanda ake kira da laƙabin Mai. Da abin ya gagari fada, sai aka nemi taimakon wani malami mai jama'a, Muhammadu al-Amin, wanda Hausawa suka fi sani da Shehu Laminu. Ya taimaka aka kori abokan gaba, ya yi doguwar muhawara ta wasiƙa da Muhammadu Bello a kan halaccin yaƙar ƙasar da ta daɗe da Musulunci, sannan a 1814 ya kafa garinsa na Kukawa kusa da Tafkin Chadi. Daga nan Borno ta zama ƙasa mai fada biyu. Mai yana nan da kakakinsa da fadawansa da tsofaffin al'adu, amma dawaki da bindigogi da yanke hukunci duk suna hannun Shehu.

Turawan Ingila uku, Denham da Clapperton da Oudney, sun iso Kukawa a watan Fabrairun 1823, kuma Denham ya ga fadojin biyu da idonsa. Mai Ibrahim ya karɓe shi yana zaune cikin wata rumfa mai kama da keji, ana hangen sa ta tsakanin sanduna, fadawa sun juya masa baya saboda girmamawa. Shehu Laminu kuwa a ɗaki ya gan shi, cikin tufafi marasa ƙyale-ƙyale. Denham ya zana shi, aka sassaƙa zanen a Landan, aka buga shi a farkon littafin tafiyarsu a 1826. Wannan zane ne har gobe ake sakawa a littattafan makaranta in an zo tarihin al-Kanemi. Ashe fuskar uba ta tafi Turai a takarda shekara 44 kafin fuskokin Turai su zo wa ɗa a kan raƙumi.

Da Shehu Laminu ya rasu a 1837, Umar ya gaje shi. Mai Ibrahim ya ɗauka dama ta samu ta maido da martabar gidansu, sai dai sabon Shehu bai sakar masa komai ba, har ma ya rage abin da ake ba shi. Aka shekara tara ana zaman doya da manja.

Shekarar 1846

A 1846 rundunar Borno ta yi yamma wajen Damagaram ƙarƙashin Abba Abdurrahman, ɗan'uwan Shehu. Ganin gari ba mayaƙa, mutanen Mai suka aika wa Sarkin Wadai Muhammadu Sharif cewa ya zo. Shehu Umar ya ji labarin, ya sa aka kama Mai Ibrahim, ya tattara 'yan mayaƙan da suka rage ya tari Wadai a Kusuri, bakin kogi. Aka ci shi da yaƙi. Cikin waɗanda suka faɗi har da Muhammadu Tirab, ɗaya daga cikin manyan abokan mahaifinsa. Shehu ya sa aka kashe Mai Ibrahim, ya ja da baya zuwa yamma. Mayaƙan Wadai suka shiga Kukawa suka rushe ta, suka naɗa Ali, saurayi ɗan Mai Ibrahim, a gadon kakanninsa, sannan suka juya gida da suka ji rundunar Borno ta doso. Ali ya tsaya ya yi yaƙi a Minarge, a nan aka kashe shi. Da mutuwarsa gidan Saifawa ya ƙare, gidan da ake lissafa shi cikin mafi daɗewa a tarihin sarautun duniya, wanda ya yi kusan shekara dubu yana mulki tun daga Kanem.

Abin lura shi ne Umar bai ɗauki laƙabin Mai ba, ko da yake babu sauran mai hana shi. Ya ci gaba da amsa sunan Shehu, sunan malanta, kuma shi ne sunan da sarautar Borno ke amsawa har yau. Amma da yawa daga tsarin tsohuwar fada sun dawo ta bayan gida: sarautun bayi irin su Digma da Kachalla, matsayin Magira uwar sarki da Gumsu uwargida, da rabon ƙasa ga manya su ci harajinta suna zaune a birni.

Ya sake gina Kukawa gari biyu, kowanne da ganuwarsa. Na gabas na Shehu ne da 'ya'yan sarki da fadawa, na yamma kuwa na talakawa da fatake, Larabawan Tarabulus da Fazzan da Hausawa da sauransu. Wani faffaɗan titi da ake kira dandal ya ratsa su har ƙofar fada, kuma kowace Litinin babbar kasuwa tana ci a bayan ƙofar yamma.

A wannan kasuwa akwai wata fuskar sarauta ta Turai da ta riga kowace zuwa, kuma ba wanda ya ɗaga mata gira. Ita ce fuskar Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, a kan kuɗin azurfa da Hausawa ke kira liyari, Larabawa kuma suna kiransa mai tsuntsu saboda gaggafar da ke bayansa. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekarar a jikinsa, domin 'yan kasuwa daga Bahar Maliya zuwa Chadi ba su yarda da wanda ya sauya kama ba. Nauyinsa giram 28 ne. Da shi ake sayen doki da bawa, shi maƙera ke narkarwa su yi mundaye, shi kuma ake hudawa a rataya a wuyan amare. Matsalarsa ita ce ya yi wa cefanen yau da kullum girma. A da ana canji da gabaga, wato ƙyallen saƙi, har zuwa zamanin Shehu Umar da wazirinsa Alhaji Bashir ya shigo da wuri daga ƙasar Hausa ya zama kuɗin kasuwa, ana ƙirga wuri 32 a matsayin ratali ɗaya.

Waziri, ɗan'uwa da juyin mulki

Alhaji Bashir ɗan Muhammadu Tirab ne, kuma Shehu ya yarda da shi yardar da ta wuce misali. Mutum ne mai wayo da sanin duniya, ya yi aikin hajji ya ga Masar, amma ya tara maƙiya saboda son dukiya da kuma yadda ya toshe wa kowa hanyar zuwa ga Shehu. Babban maƙiyinsa shi ne Abba Abdurrahman, jarumin da ke ganin shi ya ceci gidan a 1846. A watan Nuwamban 1853 rikicin ya fashe. Abdurrahman ya rinjayi fada, ya hau gado, aka kashe Alhaji Bashir. Umar kuwa aka bar shi da ransa, yana zaune a Kukawa kamar kowane malami.

Mulkin Abdurrahman bai yi daɗi ba. Tsananinsa ya sa waɗanda suka ɗora shi suka fara kewar sanyin halin wanda suka tuɓe, kuma a watan Satumban 1854 suka mayar da Umar. Daga baya aka kashe Abdurrahman. Wannan shi ne karo na biyu da Shehu Umar, mutumin da duk wanda ya gan shi ya shaida masa taushin zuciya, ya tsare gadonsa da jinin wani babba. Bayan haka ya yi shekara 27 ba wanda ya sake tayar masa a cikin gida. Sai dai kamar abin ya bar masa tabo, domin daga nan ya rage fita yaƙi da kansa, ya fi karkata ga karatu da zama da malamai, ya bar gudanar da ƙasa ga wasu. Mafi ƙarfinsu shi ne Laminu Njitiya, wanda ya taso daga yaran Alhaji Bashir ya zama mutum na biyu a Borno, sai kuma babban ɗan Shehu, Abba Bukar.

Baƙin da suka zo ta hamada

Abin da ya sa sunan Shehu Umar ya shiga fadojin Turai shi ne yadda ya riƙi baƙi. Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi tafiya da sunan Abdulkarim a ƙarƙashin tutar Ingila, ya iso Kukawa ranar 2 ga Afrilun 1851 ba shi da ko abin biyan barorinsa, shugaban tafiyarsu James Richardson ya riga ya rasu a Ngurutuwa wata guda kafin nan. Shehu da wazirinsa suka ba shi masauki da abinci da kariya. Abokinsa Adolf Overweg ya zagaya Tafkin Chadi a jirgin ruwan da suka ɗauko gunduwa-gunduwa daga Tarabulus, ya rasu a Maduwari a watan Satumban 1852. A wannan shekarar ce Shehu ya sa hatiminsa a yarjejeniyar ciniki da Ingila. Overweg ne ya 'yanta wasu yara biyu, Dorugu Bahaushe da Abbega Bamargi, waɗanda Barth ya tafi da su Turai a 1855. Daga bakin Dorugu aka rubuta labaran da suka zama cikin rubutattun zuben Hausa na farko a boko, kuma a Kano ya ƙare rayuwarsa a 1912.

Bayan su Eduard Vogel ya zo a 1854, aka kashe shi a Wadai a 1856. Moritz von Beurmann ya zo neman labarinsa a 1862, shi ma aka kashe shi a Mao ta Kanem a shekarar da ta biyo. Gerhard Rohlfs ya sauka a Kukawa a 1866, ya wuce ta Bauchi da Binuwai har Legas. Duk wanda ya koma gida da rai cikin waɗannan, labari ɗaya yake bayarwa: a Kukawa akwai sarki Musulmi da ke ciyar da Kirista baƙo, ya ba shi doki, ya rubuta masa takardar hanya. Wannan ne ya sa Sarki Wilhelm na ɗaya na Furusiya ya yanke shawarar aika masa da kyautar godiya.

Aka ɗora wa Rohlfs shirya kayan, shi kuma ya sami wanda zai kai su: Gustav Nachtigal, likitan soja da ciwon ƙirji ya kora zuwa Arewacin Afirka, har ya zama likita a fadar Tunis, ya iya Larabci, ana kiransa Idris Afandi. Ya bar Tarabulus a watan Fabrairun 1869. A Murzuk ya tarar babu ayarin da zai bi, sai ya ajiye kayan sarki ya shiga duwatsun Tibesti, inda da ƙyar ya tsira da ransa. Sai a watan Afrilun 1870 ya kama hanyar Kawar da Bilma, tare da Muhammadu al-Gatruni, tsohon jagoran Barth, da wani baransa ɗan Italiya mai suna Giuseppe Valpreda. A ayari ɗaya suka taho da Alhaji Muhammadu Bu Aisha, manzon gwamnan Tarabulus, wanda ke ɗauke da wasiƙa da kyaututtuka da sunan Sarkin Musulmi na Santambul. Suka shiga Kukawa ranar 6 ga Yulin 1870. Tarbar da mahaya suka fita yi, ƙarƙashin Abba Bukar, ta manzon Daular Usmaniyya ce tun farko, kuma likitan Furusiya ya san da haka.

Hoto da inuwa

Kayan da aka buɗe a gaban Shehu sun haɗa da kujerar sarauta mai ruwan zinariya da aka lulluɓe da jan karan-miski, da bindigogi masu allura irin waɗanda sojan Furusiya ya ci Ostiriya da su a 1866, da agogon tebur na tagulla, da agogon aljihu, da madubin hangen nesa, da wani abin kiɗa mai madannai da ake hura masa iska, da yadudduka da turare. Sai kuma hotuna uku da aka zana da fenti a kan zane, kowanne tsayin mutum: Sarki Wilhelm, da matarsa Sarauniya Augusta, da ɗansu Yarima Friedrich mai jiran gado.

Don a gane abin da masu aikowa ke nufi, sai an duba matsayin hoton sarki a Turai ta wancan ƙarni. Hoton da ya kai tsayin mutum wakilin sarki ne. Ana rataye shi a ofishin jakada da zauren shari'a, ana kuma aika shi ga sarkin da ake so a nuna an ɗauke shi aboki. A ƙarni na 19 abin ya sauko daga fada ya shiga kasuwa. Auren Sarauniya Biktoriya da Yarima Albert a 1840 ya cika Ingila da lambobin tunawa da faranti da kofuna masu fuskar ango da amarya. Shi kansa Yarima Friedrich ɗin da hotonsa ya zo Kukawa, aurensa da babbar 'yar Biktoriya a Landan ranar 25 ga Janairun 1858 ya haifar da irin wannan ciniki a Ingila da Furusiya. Zuwa 1860 an fara sayar da ƙananan hotunan iyalin sarautar Ingila na kyamara, masu girman tafin hannu, kowa ya saya ya ajiye a gida. Sarautar Turai ta gano cewa yawan ganin fuskarta yana ƙara mata farin jini.

A Borno kuwa kwarjinin sarki a ɓoye fuska yake. Mai yana bayan labule, Shehu kuma amawali ya rufe masa baki. Abin da ke wakiltar sarki a nesa shi ne hatiminsa a kan wasiƙa, da rigar da ya tuɓe ya ba bawansa, da dokin da ya aika. Ga kuma shari'a. Malaman Borno mabiya mazhabar Malikiyya ne, kuma hukuncin sura sananne ne a littattafan da suke karantarwa. A Mukhtasar na Halil maganar ta zo ne a babin walimar aure, cikin abubuwan da ke sauke wa wanda aka gayyata wajibcin halarta. Masu sharhi suka bambanta: surar mai rai wadda take cikakkiya kuma tana da jiki har tana yin inuwa, ita ce haramtacciya, wadda aka zana a shimfiɗe a kan takarda ko zane ba ta kai wannan matsayi ba.

Kamar yadda Nachtigal ya rubuta, Shehu ya ji tun kafin ranar cewa an kawo masa surorin mutane, kuma yana fargabar kada su zama irin waɗanda addini ya hana. Matsala ce ta gaske. In ya mayar da kyautar ya wulaƙanta sarkin da ya aiko ta daga nisan duniya. In ya karɓi gunki a gaban majalisarsa kuma, ga malamai, ga manzon Santambul a gari, ya zubar da abin da gidansu ya dogara a kai tun daga mahaifinsa. Da aka warware zanen aka tsayar da su, sai ya duba ya ga a shimfiɗe suke, ba su da tudu, ba su yin inuwa. Hankalinsa ya kwanta, ya karɓe su da fara'a. Abin da bai yi masa daɗi ba shi ne ɗan mutum-mutumin da aka ƙera a jikin agogon tagulla, domin shi kam yana da jiki. Kujerar ta burge shi ƙwarai, haka ma bindigogin. Abin kiɗan kuwa zafin hamada da jijjigar raƙumi sun taɓa shi, sai da Valpreda ya yi masa gyara.

Wannan ɗan abin da ya faru ya nuna Shehu Umar fiye da yaƙe-yaƙensa. Bai ruɗe da baƙon abu ba, bai kuma yi masa kallon raini ba. Ya auna shi da ma'aunin da ya karanta, ya ɗauki abin da ya halatta, ya nuna ƙyamar abin da bai halatta ba, baƙonsa kuma bai ji kunya ba. Masu aiko da hotunan suna nufin a ga girman gidansu. Wanda aka aiko wa kuwa tambayar fiƙihu ya fara yi musu.

Wani abin mamaki shi ne hotunan sun tsufa tun suna sababbi. Kwana 13 bayan isowarsu, ranar 19 ga Yulin 1870, yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Furusiya, kuma ranar 18 ga Janairun 1871 aka naɗa Wilhelm sarkin sarakunan sabuwar daular Jamus a fadar Versailles. Mutumin da ke jikin zanen a Kukawa ya riga ya zama wani abu dabam, watanni kafin labarin ya ƙetare hamada.

Abin da kirki bai iya tsarewa ba

Baƙin da suka yabi halin Shehu Umar su ne kuma suka rubuta rauninsa. Sun same shi mai kyauta, mai tsabta, mai sauƙin kai, mai son malamai, amma mai jinkirin yanke shawara, wanda maganar wanda ya shiga wurinsa a ƙarshe ita ke rinjaye. Laminu Njitiya ya rasu a 1871, aka rasa mai tsawata wa fadawa. A wannan shekarar Sarkin Wadai Ali ya ci Massenya, babban birnin Bagarmi, ƙasar da Borno ke ɗauka tana ƙarƙashin inuwarta, Kukawa ba ta ɗaga ko takobi ba. A arewa maso yamma Sarkin Damagaram Tanimu ya kewaye birninsa da ganuwa, ya tara bindigogi, ya sa ana ƙera masa igwa, yana cin ƙananan ƙasashen da ke biyan Borno haraji, yana kawo gaisuwa in ya ga dama. A Kanem kuma Larabawan Aulad Sulaiman ne ke cin karensu ba babbaka.

Tattalin arzikin fada ya dogara ne a kan bayi, kuma wannan ɓangare ne na tarihinsa da ba ya ɓoyuwa. Barth da Overweg sun bi rundunar da Alhaji Bashir ya jagoranta zuwa ƙasar Musgu a ƙarshen 1851, suka ga yadda aka ƙone garuruwa, aka kwashe mata da yara, aka yanka maza manya. Shekara ashirin bayan haka Nachtigal ya tarar da rumfunan bayi cike a kasuwar Litinin. Amma kasuwar arewa tana rufewa. Daular Usmaniyya ta haramta cinikin a 1857, kuma ko da yake ba a daina ba, riba ta ragu. Manyan Kukawa kuma suka yi ƙaurin suna wajen karɓar kayan fatake bashi su ƙi biya, har Balarabe ya shekara biyu ko uku yana zarya a ƙofar gidan wani Abba. Fatake suka fara karkata zuwa Kano da kuma sabuwar hanyar Wadai zuwa Bangazi. Shehu ya san da wannan, yakan biya wa wasu daga taskarsa, amma bai hana ba.

Nachtigal ya mai da Kukawa gida na kusan shekara uku. Daga nan ya je Kanem da Borku a 1871, ya je Bagarmi a 1872, kuma duk lokacin da guzurinsa ya ƙare Shehu ne ke rufa masa asiri. A 1873 ya yi sallama ya nufi Wadai, inda aka kashe Vogel, ya fita lafiya ta Darfur, ya isa Alƙahira a 1874. Littafinsa mai juzu'i uku a kan Sahara da Sudan, wanda ya fara fitowa a 1879, yana cikin manyan madogaran tarihin Borno ta wancan zamani. Shi ne kuma mutumin da a watan Yulin 1884 ya kafa tutar Jamus a Togo da Kamaru da sunan wannan Wilhelm ɗin, ya rasu a jirgin ruwa a 1885 yana hanyar komawa gida.

Shehu Umar bai ga wannan ba. Ya rasu a Kukawa a 1881 yana tsoho, aka binne shi a garin da ya sake ginawa. 'Ya'yansa uku suka yi mulki bi da bi: Bukar Kura, wanda ƙarancin kuɗi ya sa ya ɗora wa talakawa harajin da ya kai rabin dukiyarsu, sai Ibrahim Kura, sai Hashimi. A zamanin Hashimi ne, a 1892, Bafaranshe Monteil ya sauka a Kukawa ya tarar da Valpreda yana nan, ya musulunta tun tuni, ana kiransa Muhammadu al-Muslimani, ya tsufa a hidimar fada.

A 1893 Rabeh ya ci rundunar Borno, Hashimi ya gudu, aka washe Kukawa aka ƙone ta, har da fadar da aka buɗe kayan Furusiya a cikinta. A watan Nuwamban wannan shekarar Ingila da Jamus suka sa hannu a kan yarjejeniyar da ta ja layi daga Yola zuwa Tafkin Chadi, layin da ya raba Borno ya jefa Dikwa a rabon Jamus. Faransawa suka kashe Rabeh a Kusuri ranar 22 ga Afrilun 1900, a wurin da aka ci Shehu Umar da yaƙi shekara 54 kafin nan. A 1902 jikansa Abubakar Garbai ɗan Ibrahim Kura ya baro Dikwa ya dawo ɓangaren Ingila a matsayin Shehu. Ya zauna a Monguno, ya gwada farfaɗo da Kukawa abin bai yiwu ba, sannan a 1907 ya koma sabon garin Yerwa, kusa da ƙauyen Maiduguri, aka shata masa fada da dandal a gabanta irin na Kukawa.